Iya Ta Kasa Koyon Hanya

Mako tara ke nan ana koya wa Iya hanyar asibiti, ta kasa iyawa.

Ƙa'idar cibiyar da ke karɓar 'yan gudun hijira ce: duk sabon zuwa sai a haɗa shi da mai rakiya, ta nuna masa bas da kasuwa da asibiti. Ranar da ya iya zuwa shi kaɗai, sai ta sa hannu a takarda, a tura ta wurin wani. Yawanci mako huɗu ya isa.

Mai rakiyar Iya, wadda ake ce wa Doguwa, ta riga ta gudowa da shekara shida. Duk unguwar ita kaɗai ke jin yaren Iya, kuma ranar Talata kawai take zuwa. Daga Talata zuwa Talata, Iya ba ta buɗe baki sai in za ta ci abinci, a ɗakinta mai gado ɗaya.

"Iya, lamba nawa za mu hau?"

"Bakwai?"

"Sha huɗu, Iya! Wannan kan naki sai an kai shi wurin bakanike."

"Tsufa ne, 'yar nan. Ke ma yana nan yana jiranki."

Rannan Doguwa ta zo idanu jajur, ɗanta ba shi da lafiya. Suna tsaye a tasha tana ta duba waya. Bas sha huɗu ta tsaya, Doguwa ta sa ƙafa za ta hau. Iya ta riƙo gefen rigarta.

"Ba wannan ba. Wannan mai jan allo ce, ta bayan masaƙa take bi. Tamu sai nan da minti shida."

Bas ta tafi. Doguwa ta mayar da waya jaka a hankali.

"Tun yaushe kika iya?"

Iya ta dubi takalmanta. "Tun mako na biyu."

Can Doguwa ta ce, "Akwai wata da aka kawo shekaranjiya, da yara uku. Ko bakin titi ba ta taɓa fita ba. Ni take jira, Iya."

Iya ta so ta ce gwiwarta na ciwo, ko idonta ya fara dushewa. Duk ta tanade su. Amma yara uku.

"To me kike jira? Ciro takardar."

Doguwa ta jingina takardar da bango ta sa hannu. "Zan riƙa leƙo ki."

"Allah ya yi miki albarka. Je ki wurin yaron."

Da tasu ta iso, Iya ta hau ita kaɗai. Wani dattijo ya zauna kusa da ita, ya yi mata wata magana yana murmushi. Ta gyaɗa kai, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta danna ƙararrawa daidai inda ya kamata, ta sauka.

Sai a bencin asibiti ta tuna ba ta ba Doguwa labarin tattabarar da ta yi ƙwai a matakalar bene ba. Tun ranar Alhamis take riƙe da shi.