Kitson Tafiyar Auta

Zazzaɓin kwana biyar kawai ya yi a jikin Mai Kitso, amma da zai tafi sai ya bar mata hannuwa kamar na aro. Rabin layinsu ya kwanta a lokacin, bayan ruwa ya taru a kwatar bayan gidaje sauro ya samu wurin zama. Kowa ya miƙe ya koma harkarsa. Ita kuwa wata biyu ke nan, kullum ta farka yatsunta a kumbure, wuyan hannu na zugi, murfin man kitso ma sai ta yi da gaske take buɗe shi.

Shekara ashirin da shida tana kitso a ɗan shagon da ke jikin gidansu, mai madubi ɗaya da kujera ɗaya da gwangwanin zuba kibiyoyi da mataji. Yanzu shagon a kulle yake, kuma ba shi ne ya fi damunta ba. Nan da mako biyu, ranar Asabar, Auta, 'yarta ta ƙarshe, za ta tafi karatu wani gari mai nisa, sai bayan shekara za ta leƙo gida. Tun da aka haifi yarinyar babu hannun da ya taɓa kanta sai na uwar, kuma Mai Kitso ta riga ta yi mata alkawarin ƙananan kitso na tafiya. Ba ta taɓa bari Auta ta koyi sana'ar ba. Ko kibiya ta gan ta da ita sai ta buge hannun ta ce, "Ke littafi za ki riƙe."

Yayar Mai Kitso, wadda ba a taɓa kawo ciwon da ba ta san maganinsa ba, ta zo da wata kwalba a jaka.

"Jikinki ne ya yi sanyi, garkuwar jiki ta faɗi," in ji ta. "Ki sha wannan safe da yamma, ƙara ƙarfin garkuwa yake. Hannuwan nan kuma ki naɗe su ki huta da su. Ko kofi kada ki ɗaga."

Shawarar ta shige ta, domin ita ma haka take yi da sabon mataji, ta adana shi sai kan amarya ko babbar baƙuwa. Sai ta naɗe hannuwanta da tsohon ɗankwali ta ajiye su a cinya, tana tanadinsu domin Asabar. Kafin nan ta shanye maganin maleriya har zagaye uku, tunda a wurinta duk abin da sauro ya kawo sunansa ɗaya. Bayan kwana goma ta kwance ɗankwalin, ta tarar yatsun sun ƙara sandarewa.

Ranar Laraba Auta ta tasa ta gaba zuwa asibiti. Likitar matashiya ce, kitson kanta duk ya karkace daga tsagar tsakiya, abin da ya sa Mai Kitso ta fara shakkar iliminta tun kafin ta buɗe baki. Likita ta matsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ta duba takardar gwajin jini, ta juya kwalbar Yaya ta karanta bayanta.

"Mama, ba maleriya ba ce. Wata ƙwayar cuta ce da sauro ke ɗauka, ana ce mata cikungunya. Ta daɗe da barin jininki."

"To in ta tafi, wa ke cizon yatsuna?"

"Garkuwar jikinki. Lokacin da ƙwayar ta shigo, gaɓoɓi da tsoka ta nufa, sai jiki ya tura mata dakarunsa can. Sun ci yaƙin, amma ba su koma gida ba. Suna ganin ɗan ɓurɓushin da ta bari, sai su ci gaba da kiran 'yan uwansu, ruwa na taruwa, wurin na ɗaukar zafi. Kumburin ke nan."

Mai Kitso ta kalli kwalbar. "Wato ba sanyi suka yi ba."

"Himma ce ta yi musu yawa," in ji likita. Ta rubuta maganin rage kumburi, ta ce a ajiye kwalbar, a daina naɗe hannu. A riƙa sa shi a ruwan ɗumi, ana matsa soso a hankali, domin gaɓar da aka bari a zaune ƙara taurin kai take yi.

"Zuwa Asabar zan iya kitso?"

Likita ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce yawancin mutane suna samun sauƙi, amma a watanni ake lissafin abin, ba a kwanaki ba.

A hanya Mai Kitso ta tura kwalbar can ƙasan jaka. Haushin Yaya take ji, da haushin kanta, har da na wannan garkuwa da ba ta san an tashi daga aiki ba. Kwana ukun da suka rage ta yi su a gaban roba da ruwan ɗumi, tana matsa soso kamar wadda aka ba aikin wanke-wanken gidan biki.

Asabar da hantsi ta buɗe shago. Motar Auta ƙarfe ɗaya za ta tashi. Yarinyar ta tsefe kanta tun jiya, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin uwar kamar yadda ta saba. Mai Kitso ta ɗauki kibiya ta yi tsaga, ta fita sambal daga goshi zuwa ƙeya. Ta kama gashi kashi uku ta fara. Layin farko ya tafi, na biyu da ƙyar. A na uku babban yatsa ya ƙi haɗuwa da manuni, gashin ya zame. Ta sake kamawa ya sake zamewa. Ta duba biyun da ta gama, ta ga sun yi sako-sako, irin wanda in wata ce ta yi da ta ce a kwance.

"Tashi ki je wurin mai shagon bakin titi," ta ce. "Da sauran lokaci."

Auta ba ta tashi ba. "Mama, ki yi min tsagar kawai."

"Tsaga ba kitso ba ce."

"Ki dai yi."

Ta yi tsagar. Auta ta ɗaga hannuwa biyu bisa kanta, ba ta ko kalli madubi ba, ta kama gashin ta shiga kitsawa. Mai Kitso ta zuba ido. Yarinyar tana fara layi da ɗan siririn gashi, tana ƙara ci a hankali, in ta zo bayan kunne ta sassauta don kada ya ja fata, a ƙarshe ta murza jelar sau biyu da ɗan yatsa. Babu wanda ke wannan murzawar a duk unguwar sai mutum ɗaya.

"Wa ya koya miki?"

"Shekara goma sha takwas ina jin hannunki a kaina, Mama."

Mai Kitso ta ji daɗi, ta kuma ji ciwo, ba ta tsaya tantance wanda ya fi yawa ba. Ta ci gaba da tsaga, Auta na bi da kitso, har suka kai ƙeya. Sai yarinyar ta kai hannu kan layuka biyun farko, masu sako-sakon.

"Kwance su ki gyara," in ji uwar. "Ba za su kai sati ba."

Auta ta shafa su, ta ɗaura ɗankwalinta a kai, ta ɗauki jaka.

"Su kai inda za su kai," ta ce. "Waɗannan ba na kwancewa ba ne."