Sunan Jikar Baba Mwadkon

"Ba zan kira 'yata makauniya ba, Baba," in ji Anti Hosana daga bakin ƙofa, tana jijjiga jaririyar. "Ka yi haƙuri."

Ina zaune a gefen gadon surukinta, Baba Mwadkon, na rasa inda zan sa idona. Maƙwabcinmu ne a Tudun Wada, tsohon mai buga tafireta a kamfanin kuza. Shekara talatin yana tara kalmomin Turanci da sunaye masu kama da juna a wani babban littafi, kowanne da ma'anarsa. Kafin a yi wa yaro baftisma a layinmu, sai an zo an tambaye shi. Da ciwon suga ya cinye masa ido a 2004, sai na zama mai karanta masa bayan makaranta.

A gidansu kaka ne ke raɗa wa jikar fari suna, shi kuwa sunan matarsa marigayiya yake so, Siliya. To, abokin gardamarsa, Oga Nwabueze, wanda shagonsa na littattafai ya ƙone a gobarar kasuwar Terminus, ya riga ya gaya wa Anti Hosana cewa sunan na nufin makauniya.

"Ni ya sayar da littafi shekara ashirin," in ji Oga daga kan kujera. "Siliya, Sisiliya, duka ɗaya. An yanke kan sunan kawai."

"Da ka sayar, ka taɓa buɗe ɗaya?" Muryar Baba da ƙyar take fita. "Ummusalma, karanta masa."

Na buɗe babban littafinsa na karanta: "Sisiliya, makauniya. Siliya, ta sama."

"Wannan ai kai ka rubuta, Baba," in ji Anti Hosana a hankali.

Ranar Alhamis ce. Lahadi za a kai jaririya coci. Likita kuma ya riga ya ce a dawo da Baba gida ya huta, kowa ya san abin da hakan ke nufi. Da suka fita Baba ya laluba ya kama hannuna.

"'Yata, ki je laburare. Akwai jan littafi na sunaye. A can na gani."

Ni ko kanti aka aike ni, sai na maimaita maganar sau biyar a hanya. Amma washegari na shiga bas. Na samu littafin, na samu sunan. Na ɗauka na nufi ƙofa.

"Ke! Ina zuwa?" Mai kula da wurin ne, Mista Gyang. "Wannan ba ya fita."

Na koma na kwafe a takardar makaranta, harafi bayan harafi. Ina gamawa na tuna: rubutun hannu ne dai. Oga zai ce Baba ne ya faɗa mini. Sau uku ina zuwa kusa da teburin Mista Gyang ina juyawa, har ya cire tabarau.

"Yarinya, ko ki yi magana ko ki zauna, kina sa ni jiri."

"Hatimi nake so," na ce. "Don Allah."

"A kan wannan?"

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na gaya masa komai, har da hawaye. Ya ja littafin, ya bi layi layi da yatsa yana duba takardata. Ya hura wa hatimin iska, ya buga, ya sa hannu da kwanan wata.

Da la'asar ɗakin Baba ya cika, har da Ummata da gyalenta. Na miƙe tsaye, ban taɓa yin haka ba.

"Siliya. Daga Latin, ma'anarsa ta sama."

Oga ya karɓi takardar, ya shinshina hatimin, aka yi dariya. Sai ya nuna ƙasa. "Wannan layi fa? Karanta duka!"

Na karanta: "Wani lokaci akan taƙaita Sisiliya haka."

"Wani lokaci," in ji Baba, yana ɗaga yatsa. "Mu namu ba wannan lokacin ba ne. Nwabueze, ka faɗi."

"Tsohon banza," in ji Oga, yana share ido da hularsa. "Ka ci."

Anti Hosana ta durƙusa ta ɗora masa jaririyar a ƙirji. "Ga matarka, Baba."

Bai iya zuwa coci ba, amma da suka dawo sai da ya sa aka faɗa masa sau biyu yadda fasto ya kira sunan. Ya ci tuwon acca loma uku, abin da ya yi mako bai yi ba. Ranar Talata da hantsi ya rasu, Oga na gefensa yana ba shi labarin ƙwallo.

Washegari Ummata ta ba ni kunu in kai gidan makoki. Mata sun cika tsakar gida, ana ta hura wuta. A bayan kicin na tarar da Anti Hosana a kan 'yar kujera, baho a gabanta, jaririya na tsala ihu.

"Haba Siliya," take cewa, "ruwa ne kawai."

Na ajiye kwanon, na riƙe mata tawul.