Makon da Aka Sa Mini Suna Soja

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. A aji huɗu na bar makaranta, rubutuna kuma har yau hawa yake yana gangarowa kamar ba shi da layi. Yayata ce ta ajiye mini littafi da biro a kan katifa, ta ce tunda bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane, to in gaya wa takarda. Ita ma so take a rubuta, don ta ce akwai ta a ciki.

A makarantarmu ni ce mai ɗaukar tuta. Ba don ƙoƙari aka zaɓe ni ba, Malama ta ce ni kaɗai ce ba na surutu a layi. Kowace safiya zan je ofis in ɗauko ta a ninke, in riƙe da hannu biyu har gindin sanda. Ranar farko Malama ta sunkuyo daidai fuskata ta ce, "In kika bari tutar nan ta taɓa turɓaya, kamar kin saki hannun mahaifiyarki ne ta faɗi." Lokacin shekarata takwas. Na yarda da maganar har cikin ƙashina. Ta kuma koya mana cewa in ana taken ƙasa, ko ƙuda ya sauka a hancin mutum ba ya motsi. Na manta lissafin da aka koya mini, na manta sunayen koguna, amma waɗannan biyun suna nan.

Yaya kashiya ce a wani babban kanti mai lasifika a rufi da kekunan zuba kaya. Ita ta samo mini aikin goge daɓe da jera kaya a kanta. Manaja ya ce wata ɗaya na gwaji, in ya ga hannuna ya yi masa, na zauna. Ina son aikin sosai. Akwai sanyi a ciki, ga ƙamshin sabulu, kuma mai riƙe da mofa, wato sandar goge daɓe, ba wanda yake tsayar da ita da hira.

A mako na huɗu, wato na ƙarshe, Manaja ya ƙirƙiro abin da ya kira Makon Kishin Ƙasa. Aka shigo da kaya kwali-kwali, duka da launukan tutarmu: kofuna, laima, huluna, silifa, har da shimfiɗar goge ƙafa ta bakin ƙofa. Aka rataya babban allo da ke cewa mai son ƙasarsa ba ya fita hannu wofi. Sannan duk awa ɗaya lasifika za ta saki farkon taken ƙasa, kafin a kai rabi wata murya ta katse shi ta ce akwai rangwame a sashen sabulu.

Ranar Litinin ina tsakiyar goge layin man girki taken ya tashi. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Ƙafafuna suka haɗe, hannuwana suka sauka a gefe, mofa ta faɗi can. Wata mata ta kewaye ni da kekenta tana duban rufi, ko wani abu nake kallo.

Dogo, wanda muke jera kaya tare, ya zo ya kaɗa hannu a gaban idona.

"Ke, wuta aka ɗauke miki?"

Ban amsa ba sai da muryar sabulu ta shigo.

"Take ake yi," na ce.

"To sannu, Soja. A ba ki bindiga ko mofar ta isa?"

Kafin a tashi aiki har Baba mai gadi da Soja yake kirana, yana sara mini in na wuce.

Wannan mai sauƙi ne. Shimfiɗar goge ƙafa ce ta fi damuna. An ajiye guda ɗaya a daɓe don masu saye su gwada, kowa ya zo sai ya murza takalminsa a kai ya ji kaurinta. Duk murzawa ɗaya sai in kawar da kai. Da na ga ba kowa, na ɗauke ta, na kakkaɓe, na rataye ta a ƙugiyar da ke jikin kanta. Dogo ya zo ya mayar da ita daɓe. Na sake ratayewa. Kwana uku muna haka, shi yana zargin masu saye, ni ina wucewa da bokitina kamar ban san komai ba.

Ranar Laraba Manaja ya kama ni da ita a hannu, kuma a daidai lokacin taken ya tashi. Na sandare a gabansa rungume da shimfiɗa. Ya jira har aka gama.

"Yarinya, me na ɗauke ki yi?"

"Goge-goge, ranka ya daɗe."

"Na ɗauke ki tsayuwa?"

Na girgiza kai.

"Sau goma ake saka abin nan a rana. In kowa ya yi irin naki wa zai sayar mini da kaya? Ranar Asabar gwajinki yake ƙarewa. In na sake ganinki a tsaye kamar turke, ki ajiye mofar ki bi ƙofa."

Da yamma a gida Yaya ta shigo da leda. Ita Yaya haka take, in ranta ya ɓaci ba ta kuka, sai ta sayi wani abu. Shekarar da Babanmu ya rasu filas shida ta saya, suna nan jere a saman kabad, ɗaya kawai muke zuba shayi a ciki. Ta zazzage ledar a tsakar ɗaki, silifa uku masu launin tuta, nata da nawa da na Inna.

Inna ta zura nata nan take ta ce suna da laushi. Ni na tura nawa ƙarƙashin gado, sai kuma na tuna can ma daɓe ne, na ɗauko na ɗora a kan filo.

"Inna, kalli 'yarki," in ji Yaya. "Silifa za ta kwantar a gado."

"Tuta ce a jiki," na ce.

"Roba ce, Auta. Kuma tsakanin ni da na saya da ke da kika tsaya kina kallon rufi, wa ya fi kishin? Ba ki karanta allon ba?"

"Allon Manaja ne ya sa aka rubuta."

"Naki kuma Malama ce ta rubuta miki a ka. Kowa da allonsa."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Ku dai ku bar yarinya da aikinta. Ni tun da ta fara aikin nan nake jin tana waƙa a banɗaki."

Sai Yaya ta ce za ta yi mini horo. Ta cika kofi da ruwa ta ba ni, ta ce in taka daga ƙofa zuwa taga, ta kunna taken a wayarta. Na ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya a sama. Yaya ta turo ni daga baya, ruwan ya zube a kan sabon silifan Inna. Muka sake. A karo na biyar na yi taku uku, amma idona a rufe, ina cewa Malama ki yafe mini. Inna ta yi dariya har ta ajiye rariya tana share ido da bakin zane. Rabon da in ji dariyarta haka an daɗe.

"Wannan ba za ta gyaru kafin Asabar ba," in ji Yaya. Ta buɗe jakarta ta ciro auduga. "Abin da kunne bai ji ba, ƙafa ba ruwanta."

Alhamis da Juma'a auduga ta yi aiki. Na cusa ta sosai a kunnuwana na saukar da ɗankwali a kai. Duniya ta koma kamar ina ƙarƙashin ruwa. Ina ganin bakin Dogo yana motsi, ina gyaɗa masa kai. Daga baya ya ce mini ya tambaye ni ko ni ce na cinye masa burodi, na ce eh. Layin shimfiɗa kuwa na daina bi ta nan gaba ɗaya.

Asabar kanti ya cika maƙil. Manaja yana tsaye a saman bene inda yake hango ko'ina. Wajen ƙarfe sha ɗaya ina goge inda wani ya zubar da lemo, sai na hango wata dattijuwa a tsakiyar layin shinkafa. Ta ajiye kwandonta. Ƙafafunta a haɗe, hannuwanta a gefe, haɓarta a sama. Ban ji komai ba, amma na san abin da ake sakawa.

Mutane suna ta ratsa ta. Wani ya buge ta da keke bai ko waiwaya ba. Wasu 'yan mata biyu suna nuna ta suna rufe baki. Ita kuwa ba ta motsa ba.

Ƙafafuna lafiya lau suke, ba abin da ya riƙe su. Da na so da na juya na bi layin sabulu, Manaja ya ga ina aiki, shi ke nan na zauna. Na ɗaga kai na gan shi, shi ma ni yake kallo. Na jingina mofa da kanta. Na ciro audugar kunnen dama, na ciro ta hagu, na je na tsaya kusa da dattijuwar, kafaɗa da kafaɗa.

Dogo ne ya fara biyo mu. Na san da tsokana ya zo, don har da buga ƙafa, amma da ya tsaya sai fuskarsa ta canza. Baba mai gadi ya miƙe daga kujerarsa. Can wajen biyan kuɗi na ga Yaya ta dafe goshi, sannan ita ma ta miƙe, layin da ke gabanta duk ya tsaya cak. Kanti ya yi tsit, ba ƙarar keke ko ɗaya.

Sai muryar nan ta shigo ta ce akwai rangwame a sashen sabulu.

Wani ya fashe da dariya, kowa ya ɗauka. Dattijuwar ta dafa kafaɗata tana dariya tana haki.

"'Yata, ke ma an dake ki a kan wannan?"

"A'a, Mama. Ni ce mai ɗaukar tuta."

"Ah, manya. Mu a layin baya muke, wanda ya motsa shi zai share fili. Shekara hamsin ke nan, gwiwoyin nan ba sa tambayata." Ta ɗauki kwandonta. "Amma na ji daɗi da kika zo. Tsayuwar mutum ɗaya akwai kunya."

Da rana aka ce Manaja yana kirana. Na wanke mofa tukuna, na matse ta, don in zan bar ta in bar ta da tsabta.

Ya nuna mini kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Kin san abin da ya faru bayan wasan da kuka yi? Huluna sun ƙare, laima ta ƙare. Mutane sun ji wani abu a ransu, sai suka nemi abin da za su riƙe su tafi da shi gida." Ya murza hannu. "Ga shawara. Zan ɗinka miki riga mai launin tuta. Duk awa ki tsaya a bakin ƙofa, ga teburin huluna a gefenki. Kin bar mofa ke nan."

Na kalli yatsun ƙafata. Na san in na ce a'a yana iya cewa in tafi. Abin da na faɗa shi ne magana mafi tsawo da na taɓa yi wa wani babba.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Ɗazu saboda Mamar nan na tsaya. In don a sayi hula ne, ina jin ƙafata ba za ta yarda ba, kuma kunya za ta kashe ni a bakin ƙofa. Ni goge-gogen nake so. Na iya shi."

Ya ƙura mini ido. Ana haka awa ta cika, taken ya tashi ta ƙaramar lasifikar ofis. Ni na miƙe. Shi bai miƙe ba, amma na ga yatsunsa biyu suna bugun gefen tebur, daidai da kiɗan, ba kuskure ko ɗaya. Ya ga na gani. Ya ɓoye hannun a aljihu.

"Ni ne mai ganga a makarantarmu," ya ce, kamar wanda aka kama da nama a baki. "Kar in ji a wajen Dogo."

"To, ranka ya daɗe."

"Daga yau an daina saka shi. Ba don ke ba. Yanzu kin koya wa ma'aikatana tsayuwa, sau goma a rana ba zan iya ba." Ya janyo wani abu daga bayan kujera ya miƙo mini. Shimfiɗar gwajin ce, duk sawun takalma. "Ɗauki abarki. Da kike rataye ta ma an fi saye, mutane sun fi ganinta. Litinin ƙarfe bakwai, kar ki makara."

Yaya tana jirana a bayan ƙofa. Da ta ga fuskata ta rungume ni, har da shimfiɗar da ke hannuna. Ta ce wannan murna sai an sayi wani abu. Na ce mu sayi lemo mu sha da Inna. Ta saya, amma sai da ta haɗa da filas na bakwai, wai shi ma an yi masa rangwame.

Washegari da safe na ɗebi ruwa a bokiti na wanke shimfiɗar da sabulu har launukanta suka fito. Na kai ta igiya na maƙale ta wuri uku, don kar iska ta jefar da ita. Inna ta leƙo sanye da silifanta ta ce to mu a ina za mu riƙa goge ƙafa. Na ɗauko tsohon buhu na ninka biyu, na shimfiɗa mata a bakin ƙofa.