Sitika Goma Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana tuƙa bas a cikin gari, kuma har ya ajiye aiki bai yarda akwai lungun da bai sani ba. In baƙo ya tsaya tambayar hanya a layinsu, wajensa ake tura shi. Shi kuwa sai ya gyara zama, ya kwatanta hanyar har da ramukan da ke kanta. Mutumin kirki ne, sai dai Allah bai yi shi da iya cewa “ban sani ba”.

A shekarar ne majalisar gari ta fito da tsarin gina magudanan ruwa na shekara goma. Aka raba wa kowane gida sitika ja guda ɗaya, aka ce za a kafa taswirar gari a zauren majalisa, kowa ya zo ya manna tasa a kan layin da yake so a fara. Layin da ya fi sitika shi ne gaba. Layin su Baba kuwa, duk damina sai ruwa ya shiga ɗakuna. Wadda ta fi shan wahala ita ce maƙwabciyarsa Goggo Nas, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, don gidanta ne a gangare.

Ranar mannawa ta faɗo Talata da safe, kowa yana wurin aiki. Sai gidaje goma sha huɗu, har da nasa, suka tattara sitikunsu suka danƙa masa.

“Wa ya kai Baba sanin gari?” in ji Tela, maƙwabcinsa na dama. “Ko ido rufe zai gano mu.”

Baba ya sa babbar rigarsa ya tafi.

Da ya tsaya gaban taswirar, sai ya ga bai gane komai ba. Shi ta gilashin mota ya san gari: gidan mai a nan, bishiya a can, kwana mai shagon taya. A bangon nan kuwa babu ko ɗaya, sai zane-zane birjik da ƙananan rubutu. Bai taɓa karanta taswira ba a rayuwarsa.

Wata ma'aikaciya ta matso. “Baba, in taimaka maka ka gano layinku?”

Da ita kaɗai ce, wataƙila da ya yarda. Amma akwai mutane a bayansa suna jira, kuma ya ji wani yana cewa ai wannan tsohon direban bas ne. Sai ya yi dariya.

“'Yata, tun ba a haife ki ba nake zaga garin nan.”

Ya lalubo layin dogo, don shi dai ba ya ɓuya. A kansa, in ya taso daga gareji ya haura titin da ke bin layin dogo, layinsu ne na uku a hannun dama. Ya ƙirga uku a dama, ya jera sitikun nan reras, ya karkaɗe hannu ya fito. Bai zo masa a rai ba cewa taswira ba ta san daga ina yake tasowa ba.

Bayan mako uku sakamako ya fito. Layinsu sai shekara ta takwas. Baba ya fi kowa kumfar baki, ya ce maguɗi aka yi, ya nufi majalisa a fusace. Ma'aikaciyar nan ce ta tarbe shi. Ta shimfiɗa taswirar a kan tebur, ta ɗora yatsa a wani wuri fari fat.

“Ga layinku, Baba.”

Can a ɗaya gefen layin dogo ya hango sitikunsa goma sha huɗu, a jere kamar yadda ya manna su. Layin da ya ba su shi ne ya zo na ɗaya. Yarinyar ba ta tuna masa da komai ba, ta ma kawar da kai tana gyara takardu, kuma wannan kawar da kan ya fi masa ciwo.

“Ba a gyarawa?” ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

“An riga an zartar, Baba. Ka yi haƙuri.”

Kwana huɗu ya yi da maganar a cikinsa. Maƙwabta suna tsine wa majalisa a ƙofar gidansa, shi yana gyaɗa kai. Matarsa ta ce, “Malam, lafiya kake barin abinci?” Ya ce zafi ne. Kunya ce kawai take cinsa, kuma kullum ya yi shiru sai ta ƙaru.

Ran Asabar da yamma mutanen layi suka taru a ƙofar gidansa don rubuta takardar ƙorafi. Goggo Nas ce ke riƙe da biro. Ana cikin haka sai ga wani kafinta daga tsallaken layin dogo, shi da dattawa biyu. Suka yi sallama, kafintan ya durƙusa.

“Baba, godiya muka zo yi. Ni ne a bayanka ran nan, da idona na ga ka ba mu sitika goma sha huɗu. Ku ma ruwan yana damunku, amma kuka fifita mu. Allah ya saka wa layin nan da alheri.”

Tela ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Baba ya ga mafita ta samu. Yana iya cewa tausayi ne ya kama shi, a zage shi a matsayin mai kyauta da kayan mutane. Har ya fara haɗa maganar a ransa. Sai ya dubi Goggo Nas, ya ga ita ba kafintan take kallo ba, shi take kallo.

“Ku tashi, ba ni da godiya a wurinku,” ya ce. “Kuskure na yi. Ban iya karanta taswira ba. An ce a nuna min, girman kai ya hana ni.”

Baƙin suka yi ta sosa ƙeya, suka sulale. Ba wanda ya zage shi, ga shi kuwa ya so a ce an zage shin. Goggo Nas ta rufe biro, ta ninke takardar ƙorafin gida biyu, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar.

“Taswira dai ba ka iya ba, amma ai ka iya lissafi,” ta ce. “Shekarata saba'in da huɗu. Ɗora min takwas a kai.”

Wannan kam ya san amsarta.