Jikar Gidan Ai

Kwana ashirin da huɗu da haihuwata, 'yata ba ta da cikakken suna. Takardar haihuwa da asibiti suka bayar tana kan firij, an danne ta da kwalbar zuma, gurbin sunan babu komai. Sun ce a mayar da ita kafin wata ya cika, kuma abin da aka rubuta ya zauna ke nan. Sunan yarinyar kanta mun tsayar da shi tun ina da ciki, ni da mijina Shulin: Nuan. Sunan gida ne ya gagara. Ko Geng na mijina, ko Ai na mahaifina.

Ni kaɗai Baba ya haifa. A Kaifeng, garinmu a ƙasar Sin, idan ka ce gidan Ai, tsofaffin unguwa sun san wa kake nufi: ɗaya daga gidaje bakwai na Yahudawan da suka rage bayan Rawayan Kogi ya ci garin, kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce. An ce wani sarki ne ya raba wa kakanninmu sunayen don su daina zama baƙi. Namu sunan ganye ne, ɗan'uwan tazargade, irin wanda ake dafa wa mai jego ta yi wanka. Akwai masu amsa shi a wasu garuruwa, amma ba jininmu ba ne. Namu kuwa Baba da yatsu yake lissafa su, kuma duk 'yan shekaru sai yatsa ɗaya ya huta. Ɗakin ibada ya rushe tun kafin a haifi kakansa, littattafai sun bi baƙi zuwa ƙasashensu, yaren babu mai ji. Abin da ya rage mana sunan ne, sai ƙin naman alade, sai zare jijiya daga cinyar rago. Idan Nuan ta zama Geng, reshen Baba ya ƙare a kaina.

Surukata ta tare a gidanmu don jego. Ta rufe tagogi, ta hana ni wanke kai, tana ɗura mini kunun gero da ƙwai sau huɗu a rana. Wannan safiyar ta sake ɗora romon ƙafar alade, wai shi ke kawo nono, duk da ta san Shulin ne zai shanye. Baba kuma ya iso da cinyar rago daga wajen mahautan Musulmi, ya zauna a kicin da ƙaramar wuƙarsa. Daga gado ina jin su.

"Baban Yuting, yau ma tiyata za a yi wa ragon?"

"Maman Shulin, ke dai ki matsar da tukunyarki, kada ta shaƙi tawa."

"Tukunyata 'ya'ya uku ta raina. Taka fa? Je ka dubi 'yarka, nononta bai cika cokali ba. Kafin ka gama tsintar zarenka jaririyar ta koma ciki."

"Zarena ya girmi garinku."

"Shi ya sa ya yi tauri."

Sati uku ke nan haka. Na juya Nuan zuwa ɗaya gefen, na lumshe ido. Bayana yana ciwo, kaina yana ƙaiƙayi, kuma babu wanda ya tambaye ni wane suna nake so, har ni kaina.

Wajen azahar Shulin ya dawo daga ƙauyensu. Ya je ne wurin baffansa, wanda ke riƙe da littafin zuriyar gidan Geng, don a buɗe wa yarinyar layi. Na ji ya cire takalmi.

"To?" in ji mamarsa.

"Baffa ya ce ba a rubuta mata."

"Ba a me?"

"Mata, Mama. Ba a saka su a littafin. Ya ce ko yayata Shufen ba ta ciki. Ya ce in dawo idan an samu namiji."

Sai na ji ta ajiye ludayi.

"Af, haka ne fa, na manta. To shi ke nan, Baban Yuting, ku ɗauka. Da namiji ne, ko gawata ba za ta yarda ba. Amma ka ji da kyau, na gaba namu ne."

Haka rigimar sati uku ta mutu. Sun gano abin da suke ja a kai bai kai a ɓata masa layi ɗaya ba. Na dubi Nuan, tana tsotso da ƙyar, gumi a goshinta.

Na tashi a hankali na fito da ita a kafaɗa. Baba yana goge hannu, idonsa ya ciko.

"Na gode, Maman Shulin, na gode," yake cewa. Ya juyo gare ni. "Kin ji, Yuting? Ko da yake mace ce, wata rana sai an sake wannan ja-in-jar kan suna, kamar yadda aka yi a kanki. Amma dai an samu shekara talatin." Ya yi dariya, ya shafa ƙafar jaririyar da bayan yatsa. "Kuma abin ya zo daidai. Ranar Lahadi akwai baƙi Yahudawa daga ƙasar waje, mutum goma sha biyu. Na riga na gaya wa mai kawo su akwai jika. Minti goma kawai, a lulluɓe ta da kyau."

Ina da shekara shida Baba ya fara tsayar da ni gaban baƙi a tsohon gidanmu na lungu. Farar riga, da waƙar da muka koya daga kaset, ban san ma'anar kalma ɗaya ba. Su tafa, su ɗauki hoto, su kama haɓata su juya fuskata wajen haske suna neman hancin kakanninsu. Wata rana wani dattijo mai gemu, mai kirki ƙwarai, ya sa tafinta ya tambayi Baba ko mahaifiyata ma 'yar gidajen bakwai ce. Baba ya ce a'a. Dattijon ya dafa kaina, ya ce a wurinsu ta uwa ake bi, don haka sai dai a ce mu dangin nesa ne. Baba ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Sati na zagayowa ya sake sa mini farar rigar.

A nan ta uba ake bi, a can ta uwa. Duk lissafin da aka yi, 'yata tana waje. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni kilo uku da ɗigo ɗaya ne, nauyinta ke nan tun makon jiya bai motsa ba.

"Shulin, miƙo mini takardar nan da biro."

Ya miƙo. Na zauna a teburin kicin, tsakanin tukwanen biyu.

"Baba, zan rubuta Ai. Amma ba za a kai ta gaban kowa ba. Ba Lahadi ba, ba baɗi ba. Babu hoto, babu waƙa, babu mai kama mata haɓa."

"Haba, 'yar nan. Su wa suka san muna raye in ba su ba? Suna da ba wanda ya sani, ina amfaninsa?"

"Malamin ajinsu zai sani. Likita zai sani. Ya isa."

"Na riga na yi alkawari."

"To sai in rubuta Geng, ka cika alkawarinka da hotona na da. Suna da shi da yawa."

Surukata ta yi tsaki. "Ni fa na riga na bayar, kada a dawo mini da kaya."

"Mama, don Allah," in ji Shulin.

"Yo ƙarya na yi? Jaririya ko wata ba ta cika ba a fitar da ita iska? A nan kam ina bayan Yuting."

Baba ya dube ni, ya dubi biron. Na ga yadda ya tsufa a shekarar nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ni, amma ban ajiye biron ba, ban kuma rubuta ba.

"Ke ma ba ki so ba ke nan, duk shekarun nan?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban so ba, Baba."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Shekarata shida."

Baba ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya nisanta ta da fuska yana neman lamba, har sai da Shulin ya karɓa ya danna masa.

"Malam Qiu? Ni ne, tsoho Ai. Maganar Lahadi. E, ku zo, ni ina nan, zan nuna musu lungun. Jikar ce dai ba za a gani ba." Ya saurara. "A'a, lafiyarta lau. Barci take yi." Ya sake saurarawa, ya share ido da bayan hannu. "Zuwa yaushe? Uwarta ta ce kamar shekara goma sha takwas."

Na gyara Nuan a hannun hagu, na rubuta Ai Nuan da na dama. Don gajiya rubutun ya ɗan karkace, amma yana karantuwa. Shulin ya leƙo ta kafaɗata ya karanta a fili, sannan ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce gobe da safe zai kai kafin layi ya yi tsawo.

Na miƙa wa Baba jikarsa, na nuna masa yadda zai tallafe kan. Na ce kowa ya yi magana a hankali, kuma duk abin da ya faru kada a tashe ni kafin ƙarfe uku.