Wanda Zai Kai Damaturu

Alhaji Inuwa ya yi shekara talatin yana dillancin shanu a Kasuwar Shanu, don haka duk abin da aka wanke aka goge kafin a nuna masa, to sai ya zarge shi. Ya san yadda ake ɗura wa sa ruwan gishiri cikinsa ya cika, kuma shi kansa ba zai rantse bai taɓa yi ba.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa a duniya: wata baƙar mota Bajamushiya mai gudun tsiya, wadda mutum mai furfura irin tasa bai kamata ya so ba. Sati biyu ke nan tana masa wulaƙanci. Da safe lafiya lau, amma da rana ta take sai ƙarfinta ya zube, ya taka totur har ƙasa Keke Napep na wuce shi. Ga shi jibi zai kai 'yarsa Siddiƙa Kano ganin likitan ido. Hanyar Damaturu kuwa ba inda mota za ta yi wa mutum sanyin jiki ba ne, balle da 'ya mace a gefe.

Dzarma, bakaniken da ke duba masa motoci shekara goma sha biyar a unguwar Ajilari, ya ce famfon intakula ne ya mutu.

"Ba na lagireto ba, Alhaji. Wani ɗan ƙarami ne mai aiki da lantarki, shi ke juya ruwan da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji. In ya tsaya iskar ta yi zafi, motar da kanta take rage ƙarfi."

Ya ajiye famfo biyu a kan benci. Ɗaya sabo fil a kwali, ɗaya kuma ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga wata motar a Turai.

Alhaji ya ɗauki sabon ya auna shi a tafin hannu. Bai yi nauyi ba, rubutun jikin kwalin ma ya karkace. Ya ɗauki ɗan Beljiyam ɗin ya shinshina, sai ƙanshin fetur da sabulu.

"Wa ya wanke shi?"

"Haka ya zo."

"Daga Turai har Borno, ƙanshin sabulu bai fita ba?"

Dzarma ya yi dariya, dariyar ta ɗan yi tsawo. Ya jawo bokitin ruwa da batir, ya jona su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya feso ruwa. Wannan bai burge Alhaji ba ko kaɗan. Minti ɗaya a inuwar dalbejiya daban, awa biyu a kan kwalta daban.

"Kai wanne za ka sa?"

"Duk wanda ka zaɓa, Alhaji. Dukansu kalau ne."

Nan ne zuciyarsa ta ƙara ɗarsuwa, don ya san maganar. Ita yake faɗa wa mai saye idan shanun biyu duk ba su kwanta masa ba. Ya ji kunyar zargin, mutumin nan har sunan jikarsa ya zo. Amma ya tuna dajin da ke bayan garin Jakana a kan hanyar Damaturu, ya ajiye kunyar.

"To madalla. Sa wanda ka ga dama. Jibi da hantsi ka shirya, tare za mu tafi. Kai za ka ja mu har Damaturu, ni kuma in sa ka a motar dawowa."

Dzarma ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, hannun da tuni ya bushe. Sai ya tura famfunan biyu gefe, ya shiga cikin shago, aka ji ƙarar kwaɗo. Ya fito da na uku a naɗe cikin leda, mai nauyi, da hatimin kamfani a jiki, ya ajiye ba tare da ya ɗago kai ba.

"Wannan za a sa."

Alhaji ya yi tsammanin zai ji daɗin kama shi, amma sai baƙin ciki ya rufe shi. Ya dubi famfon, ya dubi Dzarma.

"Da ni da Siddiƙa ne kawai a ciki, ba kai fa?" ya tambaya a hankali.

Dzarma ya durƙusa yana neman sifana a cikin akwatin da ke buɗe a gabansa.