Irin Waken Tsoho Genzo

"Saba'in da takwas, ga ɗaya na shekara mai zuwa," in ji Mitsue, ta zuba waken a tafin hannun surukinta. "Ci, Baba. Na soya shi sosai, ko ƙwaya ɗaya ba za ta tsiro ba."

Tsune maƙwabciyarsu na zaune a ɗaya gefen teburin ɗumi, ƙafafunta a cikin bargo. Cewa ta yi aron allura ya shigo da ita, alhali alluranta sun fi na tela yawa. Zuwa ta yi ta ga iya ramar da tsoho Genzo ya yi, domin matan ƙauye na jiran labari daga bakinta, ita kuwa ba ta taɓa barinsu da yunwa ba.

Ranar korar aljanu ce. Mijin Mitsue ya tafi ƙwadago Tokyo sai ƙanƙara ta narke, tsohon kuma tun da ya faɗi a watan jiya ba ya iya miƙewa. Don haka ita ta buɗe ƙofofi ta watsa wake a kan dusar ƙanƙara, tana cewa "Aljanu waje, arziki ciki," da 'yar muryarta ta 'yan birni wadda ko ɓera ba za ta kora ba. Ragowar ne ta kawo kowa ya ci yawan shekarunsa.

Genzo ya kai hannun kusa da idonsa. Ya juya ƙwaya ɗaya da farce.

"Ina kika samo wannan?"

"A kan kantar bauta, Baba, cikin mudun katako. Na ga ɗanye ne, na ce ko kun manta ba ku sa a soya ba. Kun san in ɗanye ya faɗi ya tsiro, tsiya ce ta tsiro a gida."

"Duka kika soya?"

"Duka."

Tsune ta leƙa. Duk da ƙonewar da ya yi, ana ganin baƙin tabon nan a bayan kowace ƙwaya, kamar an ɗora wa doki sirdi.

Kowa a ƙauyen ya san wannan wake, mai-sirdi. Marigayiya Sawa, matar Genzo, ita ta zo da shi a ƙullin tsumma daga ƙauyensu, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan madatsa. Idan sanyi ya rufe lambuna, wasu tsofaffi su yi ta saƙar takalman tattaka, wasu su yi ta dara har su yi faɗa. Shi Genzo tiren katako yake ɗorawa a cinya, ya ɗan karkata shi, ya saki wake ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gangara miƙe ya zama iri, wanda ya yi tangaɗi ya tafi tukunya. Wata biyu yake yi a kan abin da bai cika mudu ba. Sauran amfanin bana tuni an dafa an kirɓa, yana cikin randa yana zama miso, wato daddawarsu ta miya. Wannan mudun kaɗai ya rage, shi ya sa ya ɗora shi inda ya ɗora, don ya sami albarka.

Bai yi faɗa ba. Ya zube waken a kan tebur, ya ce, "Ya soyu." Ya kife tiren, ya juya ya fuskanci bango.

Mitsue ta fito raka Tsune tana kuka. "Goggo, babu wani mai irinsa? Ko a bayan dutse ne zan je."

"Ni ina zan sani?" in ji Tsune. "Tsohon nan ya taɓa ba wani ko ɓawo?"

To, a nan gizo ke saƙarsa. Shekara goma sha tara da suka wuce Tsune ta roƙi Genzo iri, ya ce ƙasarta ba ta cancanta ba. Da kaka ta yi, kwanso ashirin suka yi ɓatan dabo daga layin da ke jikin shinge. Genzo ya kira ta ɓarauniya a taron ƙauye. Tsune ta tashi ta rantse da kabarin uwarta, ta yi kuka, ta sume sau ɗaya, har dattawa suka tilasta masa ya je gidanta da kwalbar giya ya durƙusa ya sa goshi a ƙasa. Ta ba da labarin durƙuson nan ya fi sau ɗari, har da kwaikwayon yadda gwiwarsa ta yi ƙara. Duk tsawon shekarun kuwa mai-sirdi na bayan rumbunta a tsakiyar masara, tana ci ita kaɗai, ƙofa a rufe.

Kwana uku Tsune ba ta kai wa kowa labari ba. Matan suka fara tambaya ko ba ta da lafiya. Ta ga likita ya zo yana nutsewa a ƙanƙara har gwiwa, ta ga ya fita yana kaɗa kai. Ta ji ta shinge Mitsue na cewa, "Baba, ko cokali ɗaya ne," amma tsohon ya ƙi cin komai. Ta ce wa kanta, ai dama tafiya zai yi, da wake da ba wake. Ta ce, in ya tafi ma wa zai sani? Sai kuma ta tsinci kanta tana hawa tsani zuwa saman rumbu, tana zagin tsanin.

Ta shiga wurin Genzo ba sallama, ta dire jakar wake a kan bargonsa.

"Ga shi. Ɗan'uwana ne ya aiko min daga can ƙasa."

Genzo ya juyo a hankali. Ya sa hannu a jakar, ya daɗe bai fito da shi ba.

"Ɗan'uwanki da ya mutu kafin yaƙi?"

"Wani ne daban."

"Tsune."

"To, na ji! Ni ce. Kwanso ashirin da biyu, ba ashirin ba, ko ƙirga ba ka iya ba. Sai ka tashi ka kira taro."

Mitsue ta toshe baki da hannu. Tsohon ya yi wani abu kamar tari, ya daɗe yana yi, har ruwa ya fito masa a ido.

"Kabarin uwarki fa?"

"Uwata da kanta ta fi ni saurin hannu."

"Giyar da na kai miki?"

"Na shanye. Ta arha ka saya."

Ya ɗebo waken ya baza a tafinsa, fuskarsa ta canja. "Dubi abin da kika yi masa. Wannan ya shanye, wannan sirdinsa ya zame, wannan kamar kashin akuya. Shekara goma sha tara ba ki taɓa tsince shi ba?"

"Ci nake yi, ba aure zan ba shi ba."

"Mitsue, tada ni. Miƙo tiren. Kawo min kunun nan ma."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana tsinta. Hannunsa ba ya iya riƙe tire, saboda haka Tsune ke zuwa kullum da hantsi ta riƙe masa, yana saki yana zaginta. "Karkata kaɗan, ke ɓarauniya. Kaɗan na ce, ba ki zubar ba." Ita kuma ta ce, "Ka yi sauri, tsohon banza, ba ka da lokacin yanga." Mitsue na gefe da kofin shayi tana karɓar waɗanda suka ci jarrabawa. Wani lokaci yakan kama yatsanta ya ɗora a kan ƙwaya. "Ji nan. Kin ji ya yi santsi? Shi ake nema." Maganar soyawa bai sake tada ta ba.

Batun ƙauye kuwa, Mitsue ba mai surutu ba ce, da maganar satar ta mutu a ɗakin. Amma Tsune ta duba ta ga babu labarin da ya kai wannan daɗi a duk lokacin sanyin bana, kuma in ta yi sanya wata ce za ta riga ta. Da bakinta ta kai shi gida-gida, har da yadda ta tsallake shingen, zanenta ya maƙale. Wasu matan sun daina amsa gaisuwarta. Matar mai shagon gishiri takan ja kayanta gefe idan ta shigo. Tsune ta ce ba komai, dama gishirinta da yashi.

Rana ta goma sha biyu ta shigo da hantsi tana buge ƙanƙara daga takalmanta, ta tarar da Mitsue a durƙushe gefen shimfiɗa, kwanon kunu na ta tururi a ƙasa.

"Goggo, na je ɗauko cokali ne kawai."

Tsune ta dubi Genzo, ya riga ya cika. Bakinsa a ɗan buɗe, kamar zai ce ta karkata. Ta ja bargon ta rufe masa hannu, ta ce, "Je ki buga wa mijinki waya a gidan mai unguwa. Ki sa gyale, ana iska."

Maza suka haƙa hanya a cikin ƙanƙara har zuwa haikali. Ɗansa ya iso a jirgin ƙasa ya kwana huɗu ya koma. A wajen zaman makoki an ci, an sha, an ce marigayin mutum ne mai haƙuri, Tsune ta ƙware da shayi.

Abin da ya tsince bai kai rabin kofi ba, jakar kuma da saura fiye da rabi. Bayan an watse da mako guda, Mitsue ta ƙwanƙwasa ƙofar Tsune, tiren a hammata, jakar a hannu.

"Ni ban iya ba, Goggo."

"Ni ce na iya? Riƙewa kawai na yi ina shan zagi. Shigo, kina shigo min da sanyi."

Suka zura ƙafafu a cikin bargo. Tsune ta karkata tiren, Mitsue ta saki ƙwaya ɗaya. Ta gangara miƙe, ta tsallake bakin tiren, ta bi tabarma ta shige ƙarƙashin akwatin kaya. Su biyun suka sauka a kan gwiwa, kunci a ƙasa, Mitsue na haskawa da fitila, Tsune na lalube da tsinken cin abinci.